Shanun Buba da ba su shiga banki ba

Yau shekara bakwai da muka binne Malam Buba a nan garin Greensboro na Amurka, nesa da dajin Nijar inda aka haife shi a rugar Fulani. Ni Babarbare ne, saboda haka tsokanarsa haƙƙina ce, kuma ban taɓa raga masa ba tun muna ɗaukar kaya tare a wani kamfani.

Babban abin tsokanar shi ne banki. Buba na da asusu don dole, amma albashi ba ya kwana a ciki. Yana shiga zai tura gida a sayi karsana, a ba wani talakan makiyayi habbanaye: ya kiwata, ya sha nono, in ta haihu 'yan maruƙan nasa ne, daga baya ya mayar da uwar. Babu takarda, babu sa hannu. In na ce masa wannan wauta ce, sai ya yi dariya ya ce, "Bankinka yana haihuwa ne?" Ya ce da shanun nan 'yarsa Jamila za ta yi jami'a.

Bara Jamila ta samu gurbin karatun jinya. Na raka mahaifiyarta, Hajiya Dije, neman rance a wani banki da ke tsakiyar gari. Suka tambayi tarihin bashin iyalin, babu. Suka tambayi kadara, Hajiya ta ce shanu. Ma'aikaciyar bankin ta yi murmushin ladabi, ni kuwa kunya da takaici suka rufe ni.

Muka koma neman masu habbanayen ta waya. Ɓarayin daji sun kore garken wasu, fari ya cinye na wasu, wasu lambobinsu ma sun daina shiga. Ban san me Buba zai ce ba yau. Dajin da ya amince wa ya watse, bankin da na yi ta yi masa talla kuma bai san da zamansa ba.

Mutum ɗaya ya kira mu da kansa, wani tsoho daga sansanin 'yan gudun hijira. Ya ce saniya guda ta tsira, ita ke ciyar da jikokinsa, amma ta Buba ce, a faɗa masa wanda zai miƙa wa.

Hajiya ta karɓi wayar. Sannan ta ce, "Baba, riƙe ta. Yaran su sha."

Abin da ya rage na abokina ke nan: amana cikakkiya, wadda ba ta biyan kuɗin makaranta. Allah ya jiƙansa. Jamila ta ajiye gurbin, ta kama aiki a kamfaninmu, ni nake nuna mata yadda ake ɗaga kwali ba a ji ciwon baya ba.