Saniyar Baba Istifanus da Injin Niƙa

Maƙwabcina Baba Istifanus ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa a Kakuri, inda ƙarar injuna ta kashe masa kunne. A shekarar da sojoji suka koma bariki, shi ma ya ajiye aiki, ya sayi saniyar madara ya kawo gidansa a Romi. Matarsa Celina tana da injin niƙa a ƙofar gida, sai Baba ya kafa turken saniyar a jikin rumfar injin, wai don kada kaɗaici ya dame ta.

Saniyar ta haihu lafiya, amma watanni suka wuce ba ta sake neman barbara ba. Baba ya ƙara dusa, ya ƙara kanwa, ya zage bijimin unguwa tas, duk a banza.

Likitar dabbobi ta zo ana tsakiyar niƙan masara. Ta ga saniyar sai zabura take yi, ta ɗaga murya: "Baba, firgita ce! Muddin hankalinta a tashe yake, jikinta zai riƙa fitar da wani sinadari da ke hana ta ɗaukar ciki. Ku raba ta da wannan ƙarar!"

Baba ya ce, "Wace ƙara?"

Aka mayar da saniyar gindin mangwaro a bayan gida. Kafin damina ta wuce, ta fara kukan neman bijimi. Baba ya gwada hutawa a wajenta, shirun ya hana shi sakat. Yanzu a tsohon turkenta yake shimfiɗa tabarma, injin na ruri, shi yana sharar barci.