Reshen da MaDlomo ta Yanka da Hannunta

MaDlomo ba ta taɓa kwana a asibiti ba sai bara, da ta zame a bakin garke ta karya ƙugu. Tun hantsi take kwance, awaki na tsallake ta, sai da rana ta yi sanyi maƙwabciya ta ji nishinta. Matar da ta haifi shida a tsaunukan Msinga, ta binne huɗu, ta raini sauran da saƙar tabarma!

Da abu ɗaya aka fi saninta. Lokacin da rami ya rufta da mijinta a mahaƙar Johannesburg, an kawo gawa an binne. Amma kowa a Msinga ya san gawa ba ita ce mutum ba. Sai an je inda ransa ya fita da reshen magaryar kura, an ɗauko kurwarsa an kawo gida. Ƙannen mijin suka noƙe, ita ta tafi. Kujera biyu ta kama a mota, ɗaya tata, ɗaya ta reshen. Ba ta waiwaya ba, ba ta tanka wa kowa ba sai shi: "Baban yara, ga gada, za mu haye." Haka har cikin garkensa.

Ita ce ɗanta Sibongiseni ya sama wa gado a gidan tsofaffi a Pietermaritzburg. Ƙato da gemunsa, ya kasa zuwa ya faɗa mata, ya turo ƙanwarsa Zibuyile, wadda ke cunkushe da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya a birni.

"Mama, wurin fa da kyau," in ji Zibuyile. "Ga nas, ga ruwan zafi, ga gado mai tashi da kansa."

"To je ki kwanta a kai, naki bayan ma ya fara lanƙwasa. Ina yayan naki, sarkin waya?"

"Aiki ya riƙe shi."

"Aiki! Da yake tsotsona, zaman banza nake yi?"

"Mama, in kika sake faɗuwa fa?"

"In na faɗi, a gidana na faɗi. Ba sai an ɗauko ni ba." Tsohuwar ta sassauta murya. "Ba nas nake gudu ba, 'yar nan. In na mutu can, wa zai zo da reshe? Yayanki, da ba ya iya kame bakinsa daga nan zuwa titi? Ko ke, da cocinku ya ce tsafi ne? Ku kawo akwati ku binne ku ci nama, ni ina can ina gararamba a barandar mutane."

Zibuyile ta koma birni.

Ƙugu dai bai ji magana ba. Ranar da MaDlomo ta kasa kai kanta bayan gida, ta wanke zanenta a zaune, ta aika a kira 'yar. Da safen tafiya gidan tsofaffin ta sa aka riƙe ta har gindin wata magaryar kura, ta yanki reshe da kanta, ƙaya na yagar hannunta. A mota ta ɗora shi a cinyar Zibuyile.

Suna tashi ta fara: "Mun bar gida. Ga gangara. Ga gadar Tugela, za mu haye."

"Mama, da wa kike?"

"Da ke. Ki riƙe, ranar da za ki ɗauko ni daga ƙarshen hanyar za ki faro. Kada ki waiwaya, kada ki amsa wa kowa, ko waye. Kuma ban da ce mini Mama. Duk matar da ta mutu a gidan tsofaffin can Mama ce, kada ki kwaso mini ta wasu. Sunana za ki kira."

Zibuyile ta damƙe reshen har ƙaya ta shige ta. Kafin su yi nisa muryar tsohuwar ta gaji, ta jingina kai da gilashi. Da rufin gidajen wani gari suka bayyana, 'yar ce ta buɗe baki.

"MaDlomo, ga Greytown."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ba ta waiwaya ba.