Ƙarin da ya fito wa Faralin

Shekara ashirin da biyu Malam Illiassou ya yi yana tura gadon marasa lafiya a wani babban asibiti a Lyon. Daga Tawa ya zo da jakar kayan fata, ciniki ya ƙi, wani ɗan garinsu ya samo masa wannan aikin, ya riƙe shi hannu biyu. Aikinsa ya ɗauko mutum daga ɗaki ya kai shi ƙofar tiyata, in an gama ya mayar da shi. Ba likita ba ne, amma in ka ji yana magana sai ka rantse shi ke riƙe wa likita wuƙa.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Kafin ya taɓa gado sai ya sunkuya ya tambayi mai shi ko ya ci wani abu. A shekararsa ta biyu ya taɓa tura wani dattijo da ya saci burodi ya ci da safe ya ɓoye. Da aka sa masa maganin barci abincin ya taso ya shige huhu. Illiassou ne ya tura gawar zuwa ɗakin ajiye gawa. Tun ranar ya haddace: mai shiga tiyata ba ya cin komai.

Matarsa ta rasu, ya rage daga shi sai 'yarsa Hassia a hawa na shida na wani bene a unguwar Bron. Hassia ce ta shigo da ɓera gidan, fara mai jan ido, a cikin keji, wai sunanta Praline. Ya yi faɗa har maƙwabta suka ji. A garinsu ɓera abin bi da takalmi ne, yau ga shi ana saya masa abinci a kanti. Bayan shekara Hassia ta sami aiki a Paris, ɗakin da ta kama a unguwar La Courneuve ba a yarda da dabba ba, ta bar masa kejin tana ba shi haƙuri.

Wata uku bai cika ba ya zama shi ke yanka mata kokwamba ƙanana-ƙanana. Sunan ya fi ƙarfin bakinsa, ya mai da shi Faralin. In ya sa makulli a ƙofa sai ya ji ta kama ƙarfen keji tana jijjigawa, in ya zauna shan shayi ta hau kafaɗarsa ta lafe a wuyan riga. Ran da 'yan ƙungiyar Tawa za su zo gaisuwa, yakan kai kejin banɗaki ya rufa masa bargo. Kunya yake ji, amma gaskiya ita ce babu mai murnar dawowarsa a duniyar nan kamar wannan ɓera.

Sai wani ƙari ya fito wa Faralin a ƙarƙashin hannunta na dama, kamar ƙwayar wake. Cikin wata biyu ya kai girman ƙwai, tana tafiya tana jan shi a ƙasa, fatar wurin ta fara tsagewa. Hassia ta samo likitar ƙananan dabbobi a Paris, ta nuna mata hotuna. Likitar ba ta ɓoye komai ba: ana iya cire shi da tiyata, amma ɓerar ta haura shekara biyu, ta tsufa, maganin barci na iya tafiya da ita, ƙarin kuma yana iya dawowa. In an bar shi zai fashe ya ruɓe a jikinta.

"Baba, mi ka gani?" in ji Hassia a waya.

"A yi mata. Na ga waɗanda suka hi ta tsuhwa sun shiga sun hito."

Ta turo masa saƙon asibitin dabbobin, dogo, da Faransanci. Ya duba rana, ya duba ƙarfe sha ɗaya, ya duba adireshi, ya kashe wayar. Sauran bayanin shirin tiyata ne, kuma shi za a koya wa shirin tiyata?

Ana gobe tafiya, da la'asar, ya cire kwanon abincinta. Da asuba ya cire ruwan. Ya sa ta a ƙaramin akwati mai ramuka, ya hau taram, ƙaramin jirgin cikin gari, ya kama jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai zuwa Paris. Awa biyu tana turo hanci ta ramin tana lasar yatsansa. Matar da ke kusa da shi tana cin burodi, ƙamshin ya sa Faralin ta dinga kankarar akwatin. Zuciyarsa ta karye, amma ya daure. Ya raɗa mata cewa don lafiyarta ne, in ta fito za ta ci har ta ture.

Hassia ta tarye shi a tasha, ta durƙusa kaɗan ta gaishe shi, suka wuce. Ma'aikaciyar da ta karɓi akwatin ta tambaya ko an bi abin da aka rubuta. Illiassou ya amsa da ƙarfinsa cewa an bi daidai, har ya ƙara da cewa shi ma ma'aikacin asibiti ne.

Ƙarfe uku aka kira su ciki. Likitar ta ce ƙarin ya fita lafiya lau, an ɗinke, amma ɓerar ba ta farfaɗo ba. Jikinta ya yi sanyi, sukarin jininta ya faɗi ƙasa ƙwarai, sun yi abin da za su iya. Ta ce ba a iya rantsewa kan dalili ɗaya a dabba mai wannan shekaru. Sai ta ƙara, cikin tausayi, cewa shi ya sa kullum suke rubuta wa mutane kada a hana ɓera abinci: ba ya amai kamar mutum, ɗan jikinsa kuma ba ya ajiye komai, yunwar 'yan awoyi tana kayar da shi.

Illiassou ya nemi kujera ya zauna.

A waje Hassia ta share hawayenta ta riƙe masa hannu.

"Baba, kar ka sa wa ranka. C'est pas ta faute, ba laihinka ba ne. Ka kula da ita hiye da ni. Aƙalla ba ta wahala ba, da cikinta cike ta tahi."

Yana iya yin shiru, babu mai sani har abada. Ya dubi akwatin da ke hannunta, ba komai ciki sai tsumma.

"Hassia," ya ce, "ban karanta saƙon duka ba. Tun jiya la'asar ban ba ta komi ba. Duk hanya tana roƙona, ni ko ina ce mata ta yi haƙuri."