Butar da Ta Kwana a Waje

Gidan da nake zaune yanzu, a bayan Minjibir, da can gonar gyaɗa ce. Wani malamin firamare ne da ya yi ritaya ya ga tsofaffi sun yi yawa a ƙauye, 'ya'ya duk sun tafi birni, sai ya jera mana ɗakunan ƙasa. Hayar ɗan hatsi ne da kaka, wanda bai samu ba ma ba a korarsa. Mutane suka yi ta tsegumi, wai gidan waɗanda aka yasar. Har da ni a masu faɗa, sai ga ni a ciki bayan rasuwar maigidana.

Tun farkon gidan wani tsoho ya cika a ɗakinsa ba wanda ya sani, sai da wari ya fito. Daga nan Malam ya kafa doka: ba a sa sakata, kuma kowa in ya yi alwalar asuba ya bar butarsa a ƙofa, bayan isha'i ya shigar da ita. In buta na waje, mai ita na da rai. Labarin tsohon nan ya daɗe yana hana ni barci. Ba mutuwar nake tsoro ba, warin.

Ran nan na manta, butata ta kwana a waje. Da asuba na yunƙura zan tashi, ƙafar dama ta ƙi, na zube tsakanin gado da bango. Na buɗe baki in yi kira, harshe ya yi nauyi, sai gurnani. Gari ya waye ina jin takunsu. Malam ya wuce da sandarsa, na ji yana cewa ai ga butata nan, lafiya lau nake. Wayyo Allah! Butar banza tana can tana yi mini ƙarya, ni kuwa ina kallon hasken rana ta ƙasan ƙofa, ina tuna tsohon nan.

Maƙwabciyata mai daddawa, wadda kullum nake mitar sa idonta, ita ta turo ƙofar da hantsi. Bayan an dawo da ni daga asibiti, bakina ya ɗan saki, na tambaye ta yadda aka yi ta gane.

"Ke da kike alwala kamar mai wanke saniya?" ta ce. "Na duba gindin butar, ƙasa a bushe ƙayau."

Har yau ina jan ƙafar. Kullum da asuba nakan kwarara ruwa a ƙofa, ba na komawa ɗaki sai na ga ƙasa ta jiƙe sosai.