Tarin Baba Tsoho a Ƙwaƙwalwar Ɓera

Har gobe ban manta ranar da Anti Rahila ta shigo shagonmu na kwamfuta a Malumfashi ba. Damina ce, kowa yana gona, ni kaɗai ke zaune ina kallon bidiyon koyon manhaja.

Digiri na biyu take yi a Zariya. Aikinta sauraren ƙwaƙwalwar ɓera: a tsikara siririyar allura a ƙwayar jijiya, kwamfuta ta zana ɗan tsallen wutar da ke fita duk sanda wata jijiya ta miƙa wa wata saƙo. Waɗannan 'yan tsallen take son ƙirgawa. Amma hayaniya ta rufe zanen ruf, kamar ciyawa ta ci gona. Malaminta ya ce in bai wanku ba sai ta sake gwajin daga farko. Ga ɓerayen sun ƙare, ga shekararta ta ƙarshe.

"Nura, an ce kai ne mayen kwamfuta."

"Anti, a waya fa na koya!"

"Ko a mafarki ka koya, gyara zama."

Ku gane, wutar lantarki tana da gunjinta, sau hamsin a daƙiƙa, kuma manhajar tana da matata, wato abin tace hayaniya, mai cire daidai wannan. Na saka. Hayaniya ta ƙi tafiya. Na ƙara matsewa, sai 'yan tsallen suka fara ɓacewa, kamar mai sheƙar dawa a iska mai ƙarfi. Na yi maza na mayar.

Sai na ce bari mu ji da kunne. Na mai da zanen sauti, na kunna sifika. Guuuu... ya sauka, ya yi tari, ya sake hawa.

Anti ta dafe ƙirji ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba Tsoho! Na rantse shi ne!"

Ashe tsohon janaretan ɗakin gwajinsu ne suke kira haka. Da firij ya tashi sai gudunsa ya faɗi ƙasa da hamsin. Ni ina tsaron ƙofa a hamsin, Baba yana shiga ta taga.

Muka yanka zanen gunduwa-gunduwa, kowace mu auna gunjin Baba a wurin, mu saita matata daidai shi. 'Yan tsallen suka fito tsaf, kamar masara bayan noma. Anti ta shiga ƙirgawa da yatsa a kan gilashin kwamfuta, ta ma manta ina wurin.

Ta gama karatunta lafiya. Shagon kuwa yanzu taki ake sayarwa a ciki. Amma sautin nan yana wayata. Duk sabon shiga harkar da ya ce min zai share hayaniya, sai in kunna masa, in ce saurara tukuna, ka san muryar waye.