Gwiwar Maiwada

Maiwada mai awon gero ba ya iya jin ganga da takalmi a ƙafarsa. Ko a tsakiyar kasuwar Ƙaura ne, in makaɗi ya gifta, sai ya zare takalman a hankali ya tura su ƙarƙashin buhu, ya ci gaba da awo, dunduniyarsa na taɓa ƙasa. Rumfata na kallon tasa shekara da shekaru. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Mutumin Ɗan Isa ne, ɗan manoma. A wajen gayya ya koyi rawa, bayan gangar noma. Da ya dawo gari ya kama awo, sai ya zama mai sahun gaba a masallaci, marar yawan magana. Abu ɗaya aka san shi da shi, ba a bikin dangi bai je ba, ko da kuwa sai an ƙetare gulbi.

A gidansu akwai abin da suka gada. Ba a fita da amarya sai kawunta ya kewaye tabarmarta da rawa, ƙafa ba takalmi, sannan ya kama hannunta ya tashe ta. Wadda ba a yi wa haka ba, matan gidan miji kan ce ba ta da dangin uwa, kuma maganar takan daɗe ba ta mutu ba.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, Maiwada ya yi murna kamar kowa. Bayan haka ganguna suka yi sanyi a gari.

Da kakar shekarar da ta biyo baya aka sa ranar Suwaiba, ɗiyar ƙanwarsa Rahama, a Badarawa. Rahama ta riga ta rasu, kuma a ɗakinsu shi kaɗai ya rage. Uban yarinya, Malam Muhtari, ya aiko Jafaru direba da saƙo: ɗaurin aure ne da walima, ba kiɗa. Maiwada ya ce to. Ya ɗauki maganar yadda ta zo.

Ranar bikin ya shiga motar Jafaru mai zuwa Shinkafi. Sun wuce rabin hanya sai mota ta ɗauki zafi, aka tsaya kusa da wani ƙauye a nemo ruwa. Can bayan karan dawa ana kiɗa. Su ma biki suke yi, kuma da alama labarin gari bai gama isowa gare su ba.

"Baba Maiwada, ina zuwa?" in ji Jafaru.

"Zan kama ruwa."

"Kama ruwa da takalmi a hammata?"

Bai waiwayo ba. Ya tarar da samari sun yi da'ira, ƙarafa na kacau-kacau a idon sawunsu, mata a gefe guda suna tafi. Ya tsaya yana kallo. Ya yi tunanin tunda a Badarawa ba za a buga ba, wannan ce rawarsa ta bana. Ya naɗe riga ya shiga.

Waɗanda suka biyo shi daga motar sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ya duƙa kamar mai huɗa, ya ja da baya, ya juya, ƙura na tashi. Makaɗin ya bar samarin ya bi shi.

"Tsoho, kai dangin ango ne ko na amarya?"

"Dangin mota ne," in ji Maiwada.

Jafaru ya yi ta danna oda. A juyin ƙarshe Maiwada ya yi tsalle irin na da, ya sauka a kan kunyar gona. Ya dawo mota yana dariya yana ɗingishi. Kafin su kai Badarawa gwiwar ta cika wando, sai da mutum biyu suka sauko da shi.

Gimbiya, taubashiyarsa, ita ta tare shi a zaure.

"Ga ɗan saurayi an sauke shi kamar buhun maiwa. Mi ya same ka?"

"Hanya ce."

"To hanya ta bari sai gobe. Tambari makaɗi na bayan rumbuna da gangarsa tun azahar, kai muke jira."

"Ba an ce ba kiɗa ba?"

"A ƙofar gida. Kai yaushe ka fara jin magana da kunnen baƙo? Muhtari ya kwashe baƙinsa sun tahi masallaci, ya ce ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Ka ga ai ya gama magana."

Aka ba shi sanda. Suwaiba na zaune a tabarma cikin lulluɓi, matan gidan ango sun jeru a gindin katanga. Tambari ya fara bugawa ƙasa-ƙasa. Maiwada ya ajiye sandar, ya ɗaga ƙafa, ya sauke. Ta biyun ba ta ɗauke shi ba. Ya zauna a kan turmin da ke kife kusa da shi. Tambari ya ƙara bugawa kaɗan, sannan ya dafe fatar da tafin hannu.

"Kawu, bari," in ji Suwaiba daga cikin mayafi. "Miƙo hannunka kawai."

Ita ta matso ta kama, ta tashi da kanta. Wata daga cikin matan gidan ango ta tambayi ta kusa da ita ko an gama ke nan. A waje kuwa Jafaru na ba mutane labarin rawar da aka yi a hanya.

Suwaiba ba ta taɓa tayar masa da maganar ba. Shi ne ya aika mata cewa ranar suna, in Allah ya kawo, zai biya.

Gwiwar ta sace amma ba ta koma daidai ba. Da labari ya zo cewa Suwaiba na da ciki, ya aika a gaya wa Tambari ya shirya. Tambari ya ce gangar ta yage, kuma bai ga dalilin ɗaure wata ba tunda ba mai kira. Maiwada ya samo fatar akuya wurin mahauta, ya jiƙa ta da toka, ya kafe ta a bayan ɗakinsa. Kullum in ya taso kasuwa yakan zauna ya kankare gashin kaɗan.

Zazzaɓin damina ya ɗauke shi wata guda kafin haihuwar. Da muka je gaisuwa fatar na nan a kafe, gefe ɗaya fari tas, ɗayan da gashinsa.