Kunun da Ba Ya Son Ido

A Gwashi, in mace ta sauka, kafin labari ya kai ga dangin miji ya riga ya kai ga Inna Turai. Ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibi, kuma duk wanda ya kira ta da wannan suna sai ta wanke shi tas. Nata aikin yana farawa ne bayan ungozoma ta wanke hannu ta tafi: ita ce mai sa nono ya kawo. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon wuta, ga baki ba linzami. Tun tana budurwa ta koyi damun kunun masu jego a wurin kakarta. Ta yi aure tana yi, ta haifi 'ya'yanta tana yi, mijinta Malam Audu ya rasu ya bar ta da ludayi a hannu.

Kowa a garin yana dama kunun kanwa, amma nata daban ne. Geron bara take so, wanda ya bushe ya yi ƙarfi, ta surfa shi da kanta, ta jiƙa, ta sa citta da kanumfari da masoro a niƙo. Kanwa kuwa 'yar kaɗan take jefawa, tana zagin matan da ke zuba ta kamar za su wanke tufa, har kunu ya yi ɗaci mai jego ta kama gudawa. Da hantsi ta ba da kunun gyaɗa mai kauri, da rana fura da kindirmon da matan ruga ke kawo mata tun bai yi tsami ba, da yamma kwaɗon zogale da ƙuli. In mai gida yana da hali, a kawo ƙafar sa ta dafa har ta narke. Ruwan sha kuma ba ta barin ƙwaryarsa ta yi nisa da mai jego. Lokacin da masu maganin lasifika suka fara kawo hulba kasuwa, ta shinshina ta yamutsa fuska ta ce warinta kawai ya isa ya kori jinjiri daga ƙirjin uwarsa. Bayan ɗan lokaci aka fara jin wannan warin a kununta, ba wanda ya isa ya tanka.

Abin da ta fi taƙama da shi ɗaya ne: ba ta taɓa kama jego nono ya ƙi kawowa ba. Tana faɗar haka a gidan suna da gidan biki, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

A daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, Habsu matar autanta Nababa ta haihu, haihuwar fari, ɗa namiji. Bisa al'ada da a gidansu za ta yi jego, to amma uwarta ta rasu tun tana ƙarama, kakar da ta rene ta a can gefen ruga ita ma ta bi. Saboda haka jegon ya faɗo hannun uwar miji, Inna Turai kuwa har rawa ta taka. Ta kwashe tabarmarta da buta ta tare a ɗakin Habsu. Ranar suna aka mayar wa yaron sunan marigayi Malam Audu, ita kuma ta riƙa kiransa Maigida, tana tsokanarsa wai ya dawo bai kawo cefane ba.

Da fari komai ya tafi daidai. Nono ya cika har yana jiƙa riga, Inna Turai tana nuna wa 'yan barka aikin kununta. Ga wani abin alfaharin kuma: Habsu yarinya ce mai kunya irin ta da. Ba ta kallon ɗanta, ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata, in ya yi kuka sai ta juya fuska bango kamar ɗan maƙwabta ne. In an matsa mata ta ba shi nono, sai ta lulluɓe shi da zane, ta sandare, ya ɗan ja kaɗan ta cire shi ta ajiye. Tsofaffi suna ta sa albarka, suna cewa rabon da su ga kunyar ɗan fari irin wannan tun zamanin iyayensu. Ɗakin ba ya rabo da mata daga safe har magariba, in sun watse Inna Turai tana nan a tabarmarta.

Bayan suna da ɗan kwanaki nono ya fara ja da baya. Yaron da aka haifa ɓul-ɓul ya soma yamushewa, fatar cinyarsa ta yi laushi tana tattarewa, maɗigarsa ta faɗa. Kukansa ma ya ragu, ya koma wani ɗan siririn sauti da ke tsinka wa mutum zuciya. Inna Turai ta ƙara kunu. Ta sa Nababa ya yanka zabuwa, ta aika ruga neman madarar safe, ta daka aya da dabino ta tace. Habsu tana shanye duk abin da aka miƙa mata ba musu, kanta a sunkuye. Ta yi ƙiba ta yi haske, ɗanta kuwa yana ƙarewa a gaban idon kowa. Tsoro ya kama Inna Turai, irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma da yake ba ta saba da tsoro ba sai ya riƙa fita mata a faɗa.

Wata safiya Gwaggo Uwani ta shigo da sandarta. Ita ce yayar marigayi Malam Audu, babbar gidan, wadda ko Inna Turai sai ta durƙusa take gaishe ta. Ta ɗauki yaron ta juya shi, ta taɓa maɗigar, ta ajiye.

"Turai, kununki ba shi da laihi," in ji ta. "Nonon yarinyag ga na mugu. In anka yi la'asar mu taho da mata a gwada shi."

"Yaya, a ɗan ƙara mani lokaci."

"Wane lokaci? Ke ba ki ganin yaron?"

Inna Turai ta san gwajin, don an sha yi a gabanta. Za a tatsi nonon a ludayi a jefa tururuwa. In ta fito da rai, nono lafiya lau. In ta mutu, an yanke hukunci: a raba yaro da ƙirjin uwarsa a koma ba shi nonon akuya. Ta ga tururuwar da ta nutse don kawai an cika ludayin, ta kuma ga yaran da aka mayar wa nonon akuya da damina, lokacin ƙuda da gudawa. Ƙalilan ne daga cikinsu suka ga kaka. Wannan kuwa, yadda ya rame, ba ta jin zai ɗauki ko sati.

Abu ɗaya ya rage mata, wani ɗan haki mai farin ruwa da ake kira nonon kurciya, wanda kakarta ke tafasawa a kunu in abu ya gagara. Da yake ranar kasuwa ce ɗakin ya yi sauƙin mutane. Ta ce wa Habsu za ta bayan gari, ta ɗauki ƙwarya ta fita. Ba ta kai bakin gonaki ba hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas, ta tuna da geron da ta shanya, ta juyo da sauri.

Tana shiga tsakar gida ta ji murya a ɗakin, ƙasa-ƙasa. Ta tsaya ta leƙa ta jikin asabari. Habsu ce zaune a tsakiyar gado, zanenta a kunkumi, ta rungume yaron da hannu biyu, kanta a kansa. Tana shafa masa kai, tana sumbatar ɗan hannunsa, hawaye na zuba. "Sha, ɗana," take cewa. "Sha maza kahin su dawo. Don Allah kak ka mutu ka bar ni." Yaron kuwa ya kama da duk ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Ƙwaryar hannun Inna Turai ta bugi bango. Kafin ta ɗaga asabarin Habsu ta fizge yaron daga nono, ta ajiye shi can gefe, ta ja zane ta juya fuska bango. Yaron ya buɗe baki yana neman abin da aka ƙwace masa, kukan ma ya ƙi fita.

Inna Turai ba ta shiga ba. Ta saki asabarin ta tafi ta kwashe geronta, yayyafi na dukanta. Ita da ke gaya wa kowace mai jego cewa nono sai ana ja yake kawowa, ita ce ta zauna a kan yarinyar nan dare da rana, tana tara mata 'yan kallo, tana yabon abin da ke kashe jikanta. Nan take nata jegon farin ya faɗo mata a rai. Ita ma ta yi kunya, har an yaba. Amma a ɗakin innarta ta yi, innar da kullum sai ta kori 'yan barka ta ce za ta itace, alhali itace na jibge a bayan ɗaki. Shekara da shekaru tana ɗaukar wannan a matsayin rikicin tsufa, sai yau ta gane.

Ganewar ba ta raba ta da matsala ba. In ta fito ta ce kunya ce, ta tona wa Habsu asiri, mata su cika ɗakin suna yi mata nasiha suna dariya, yarinyar ta ƙara sandarewa. In ta yi shiru, ludayi da tururuwa na tafe. Ta hura wuta a rumfa, ta dama kunu, kunun nan dai nata na kullum, ko tsinken haki babu a ciki.

Ana sallame la'asar Gwaggo Uwani ta iso da mata a bayanta, ɗaya riƙe da sabon ludayi. Suka ishe Inna Turai zaune a bakin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, tabarmarta da butarta a waje.

"Tashi mu shiga," in ji Gwaggo Uwani.

"Yaya, ki gahwarce ni, ba a shiga. Na ba ta wani kunu na kakata, shi kau ba ya son ido. Wadda tas sha shi, daga ita sai ɗanta. Ko ni ba ni shiga."

"Yau ni ad da jin wani abu! Tun yaushe kunu yas san ido?"

"Ban taɓa hiddo shi ba sai yau."

"In yaron ga ya mutu cikin ɗakin ga hwa? Sunan ƙanena garai."

"In ya mutu, ni na kashe shi. Ki hwaɗa ma duk Gwashi haka nan."

Ta faɗi haka ba tare da ta janye ƙafa ba. Ba ta taɓa musa wa wannan tsohuwa ba tun ranar da aka kawo ta gidan tana amarya. Gwaggo Uwani ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta buga sanda a ƙasa ta juya, matan suka bi ta suna ƙus-ƙus. Da Nababa ya dawo daga gona ya ce ko dai a ɗauko babur a nufi asibitin Bukkuyum, ta ce masa ya nemi babur ɗin ya ajiye kusa, in gari ya waye gobe ba sauyi ita da kanta za ta goya yaron.

Sannan ta matsa jikin asabari, ta ba ɗakin baya. "Ɗiyata, kina ji na? Babu mai shigo maki. Abinci na aje nan bakin ƙohwa, ki miƙo hannu ki ɗauka. Sharaɗin kunun ga, duk sa'ad da yam motsa a ba shi, ko ya ja ko bai ja ba." Daga ciki aka ce, "To, Inna," da wata 'yar murya.

Ba ta taɓa shan wuya irin ta wannan zaman ba. Mace ce da ta saba sa hannu a komai, ga jikanta a bayan asabari tsakanin rai da mutuwa, ita kuma ta ɗaure kanta da ƙaryar bakinta. In yaron ya yi kuka gabanta ya faɗi, in ya yi shiru ya fi faɗuwa. Sau da yawa hannunta ya kai jikin asabarin ta dawo da shi. Ta dama kunu, ta dama fura, ta ajiye ta juya baya, ƙwarya ta fito wayam. Wannan bai gaya mata komai ba, don dama Habsu ba ta taɓa rage abinci ba.

Washegari rana ta ɗaga, Nababa yana zaure shi da mai babur suna jiran maganarta. Tana tsugune tana wanke ƙore sai ta ji motsi. Hannun Habsu ne ya fito ta ƙarƙashin asabari, ya turo ɗan ƙullin tsummokaran yaron na wanki, ya koma. Inna Turai ta ɗauka, ta ji nauyinsu ba irin na kwanakin nan ba, da take karɓarsu a bushe kamar ba a shimfiɗa wa kowa ba. Cikin da bai sha ba ba ya fitsari, ta fi kowa sani. Ta warware na farko, a jiƙe. Na biyu ma a jiƙe sharkaf. Ta kai hanci ta shinshina, ta matsa shi da hannu biyu har ya ɗiga a ƙasa.

Ta zauna daɓas cikin taɓon tsakar gida, tsumman fitsari a ƙirjinta, tana kuka kamar yarinya. Nababa ya ji ya shigo a guje, fuskarsa ta nuna ya riga ya yanke abin da ya faru.

"Inna! Ya cika?"

"Rufe mani baki," in ji ta, tana share hanci da gefen zane. "Maigida ya yi hitsari. Tahi ka sallami mai babur, ka biya ruga ka ce a ƙaro nono."